Ƙarfe Ya Koma Roba: Waiwaye Kan Mutum-mutumi Masu Rikiɗa

Duk wanda ya taɓa riƙe Optimus Prime na 1984, wato jan kan tirelar nan da ake lanƙwasawa ya miƙe tsaye ya zama mutum-mutumi, zai lura da wani abu da bai dace da labarinsa ba. Idan ka buɗe ƙirjinsa, inda gilashin motar yake, za ka tarar da wurin zama. A cikin tirelar da yake ja ma akwai wasu kujerun. Alhali labarin da kamfanin Hasbro ya sayar wa yaran Amurka cewa ya yi wannan halitta ce mai rai daga wata duniya da ake kira Cybertron, tana tunani, tana magana, ba ruwanta da direba. To kujerun na wane ne?

Amsar tana Japan. Kafin a raɗa masa suna Optimus Prime, wannan abin wasa ya riga ya zauna a kantunan Tokyo tun 1983 da sunan Battle Convoy, cikin jerin kayan wasa na kamfanin Takara da ake kira Diaclone. A can injin yaƙi ne da 'yan Adam ke tuƙawa. Kwalinsa kan zo da ɗan mitsitsin direba wanda bai fi gaɓar yatsa tsawo ba, da maganaɗisu a tafin ƙafarsa. Da Hasbro ya sayi izinin sayar da kayan a Amurka, sai ya sallami direbobin ya bar kujerun, domin sake mazubin da ake zuba roba a ciki kuɗi ne mai yawa. Tirelolin farko da suka isa Amurka ma suna ɗauke da faifan ƙarfe a cikinsu, wanda ba shi da aikin da ya wuce riƙe ƙafar direban da aka riga aka kora. Daga baya aka cire faifan, aka bar sitika kawai. Yau, bayan shekara arba'in, wannan ɗan faifai yana cikin abubuwan da mai saye ke fara tambaya kafin ya taya.

Na daɗe ina bin harkar masu tara waɗannan tsofaffin kayan wasa, kuma na san yadda take bayyana ga wanda ke kallo daga waje: magidanta masu furfura suna musu kan ko yatsun ƙafar wani mutum-mutumi ƙarfe ne ko roba. A ganina musun ya fi ƙarfin a yi masa dariya. Kusan kowane ɗan bambanci da suke bi shaida ce ta wani abu da ya faru a duniyar manya: man fetur ya yi tsada, wani kamfani ya karye, an kafa wata doka, kuɗin wata ƙasa ya tashi. Ba wanda ya zauna da niyyar rubuta wannan tarihi, jikin kayan ne ya riƙe shi. Babban canjin da aka samu tsakanin jiya da yau kuwa shi ne, bambancin da a da larura ke haifarwa, yanzu da gangan ake ƙera shi a sa masa farashi.

Tushen abin wani sojan roba ne. A 1964 Hasbro ya fitar da G.I. Joe mai tsawon kusan santimita 30, daga baya Takara ya karɓi lasisin yin irinsa a Japan. A 1972 Takara ya ɗauki wannan jiki ya zuba shi da roba garau wadda ake hango cikinta, ya sa masa kayan inji a ƙirji, ya kira shi Henshin Cyborg. Sai ga rikicin mai na 1973. Roba daga ɗanyen mai ake samunta, farashinta ya yi sama, ƙaton abin wasa ya zama nauyi ga kamfani da iyaye baki ɗaya. A 1974 aka fito da Microman mai tsawon santimita 10 kacal, tare da wata dabarar talla: aka ce wa yara ai ba rage shi aka yi ba, haka Allah ya yi girmansa a duniyarsu. Ke nan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba yana da hannu, ta doguwar hanya, a haihuwar dangin da Transformers suka fito daga ciki.

Daga nan aka samu rassa biyu. Na farko shi ne Diaclone, wanda ya fara a 1980 da manyan injina irin na almarar sararin samaniya, masu zane irin su Shoji Kawamori suka sa hannu a ciki. A 1982 reshen ya juya zuwa motoci na gaskiya, irin waɗanda yaro ke gani a titi ko a kalanda: Lamborghini Countach, Datsun Fairlady Z, Porsche 935, 'yar bas ɗin Nissan, motar kashe gobara. Wani matashin mai zane a Takara, Kojin Ono, shi ya tsara ta farko a cikinsu. Reshe na biyu, Micro Change na 1983, ya bi wata hanyar. Tunda Microman ƙanana ne masu ɓuya a ɗakin yaro, to injinansu ma sai su ɓad da kama su zama kayan ɗaki. Aka yi kaset, aka yi rakoda ta aljihu, da kyamara, da madubin duba ƙwayoyin cuta, da ƙaramar bindiga ƙirar Walther P38, da 'yan motocin wasa masu kumburarren jiki.

Wakilan Hasbro sun ga waɗannan kaya a baje kolin kayan wasa na Tokyo a 1983. Abokin hamayyarsu Tonka ya riga su shiga kasuwa da GoBots, waɗanda shi ma daga Japan ya samo su, wurin Bandai. Abin da Hasbro ya yi wanda ya ba shi galaba shi ne zuba rassan nan biyu a tukunya ɗaya, sannan ya ba su labari. Aka miƙa aikin ga Marvel, kamfanin littattafan zane. Jim Shooter ya tsara yaƙin Autobots da Decepticons, Dennis O'Neil ya raɗa sunan Optimus Prime, Bob Budiansky ya raɗa yawancin sauran har da Megatron, ya kuma rubuta wa kowanne hali da kirari a bayan kwali. A 1984 aka fitar da guda 28. A shekarar ce hukumar sadarwa ta Amurka ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara, sai katun ɗin Transformers ya fara a talabijin a watan Satumba, tallar rabin awa da yara ke rige-rigen kallo. Haɗin gambizar ya bar tabon da har yau bai goge ba. Shugaban mugaye, Megatron, yana rikiɗa ya zama bindigar hannu, alhali yaransa jiragen yaƙi ne ƙirar F-15. Soundwave rakoda ce, amma idan ya miƙe ya fi motar tsere tsawo. Ironhide da Ratchet kuwa ko kai ba su da shi, sai wata fuska ta sitika a bayan gilashi, domin inda kan ya kamata ya kasance nan ne mazaunin direba.

Tun farko akwai bambancin da aka yi da sani, don tsimi. Mazubi ɗaya na F-15 ya ba da Starscream da Thundercracker da Skywarp, launi kawai aka sauya. Fairlady Z ta ba da Prowl da Bluestreak, daga baya Smokescreen. Wannan ciniki ne a fili, kowa ya gani. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalin masu tarawa su ne waɗanda ba wanda ya yi shelarsu. Bumblebee, 'yar Volkswagen Beetle ɗin nan, rawaya ce a katun, amma akwai yaran da aka sayo wa ja, saboda a Japan da launuka daban-daban ake yin ta, masana'anta kuma ba ta karanta labarin Marvel ba. Cliffjumper ja ne, amma an sayar da rawaya. Mafi ban dariya, wata mota ta uku ƙirar Mazda Familia ta riƙa kutsawa cikin fakitin Cliffjumper, ba ta da suna, ba ta cikin katun, ba ta cikin kundin tallar kamfani. Masu tarawa ne daga baya suka yi mata suna Bumper. Su kuwa 'yan kaset ɗin nan biyu, a kanti Rumble ne ja, Frenzy shuɗi, a talabijin aka juya su. Wannan gardama har gobe ba ta mutu ba.

Da kasuwa ta buɗe sosai a 1985, kayan Takara suka kasa ƙosar da Amurka, sai Hasbro ya shiga aro duk inda ya samu. Shockwave na wani kamfani ne mai suna ToyCo, asalinsa ruwan toka, aka mai da shi shunayya, yayin da kantunan RadioShack ke sayar da mai ruwan tokar da wani suna daban. Labarin Jetfire ya fi kowanne sarƙaƙiya. Kamfanin Takatoku ne ya ƙera wannan jirgi don katun ɗin Macross na 1982. Takatoku ya durƙushe a 1984, mazubansa suka ƙare a hannun Bandai, babban kishiyar Takara. Hasbro ya saye shi ya daddaƙe masa hanci don kada ya soki yaro, amma wanda ya bayyana a katun an sake masa fasali da suna, ya zama Skyfire, Takara kuma bai sayar da jirgin a Japan ba. Shi ya sa mai tarawa ke juya Jetfire yana neman hatimin da ke jikinsa. Na farko-farko suna ɗauke da sunan Matsushiro, kamfanin da ya riƙe mazuban kafin Bandai, na baya suna ɗauke da na Bandai, wasu kuma har yanzu da tambarin Macross a fiffike, tambarin wani labari da ba shi da alaƙa da Cybertron ko kaɗan.

Inda ciniki ya yi daɗi, masu kwaikwayo ba sa nisa. Kantuna suka cika da mutum-mutumi masu rikiɗa, wasu ma daga mazubi iri ɗaya, iyaye suka rasa gane na Hasbro. A 1985 aka fito da maganin abin: wata baƙar sitika da idan ka goga ta da yatsa, ɗumin jiki zai bayyana tambarin Autobot ko na Decepticon. Cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta akwai Henry Orenstein, tsohon ɗan kasuwar kayan wasa da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, wanda kuma yana cikin waɗanda suka nusar da Hasbro ga kayan Takara tun farko. Yara sun ɗauke ta wasa. Ga mai tarawa kuwa ta zama kalanda, ta raba kayan farko gida biyu: wanda ba shi da ita na 1984 ne, wanda yake da ita na bayan nan ne.

Doka ma ta bar sawunta. A ƙarshen 1978 wani yaro a Amurka ya rasu bayan ɗan makamin roba na wani jirgin wasa ya shaƙe shi, daga nan kamfanoni suka shiga taitayinsu. Saboda haka motar Diaclone ta Japan tana harba 'yan rokokinta su tsallake ɗaki, ita kuwa 'yar uwarta ta Amurka an rage mata ƙarfin sifirin, wani lokaci ma rokar faɗowa kawai take yi. Megatron ne ya fi kowa shan wahala. A 1988 aka kafa dokar da ta wajabta sa alamar ruwan lemo a bakin duk bindigar wasa, wasu jihohin suka ƙara nasu sharuɗɗan. Da aka dawo da shi cikin jeri na biyu a 1993 sai ya dawo a matsayin koriyar tankar yaƙi. Shi ma Optimus da aka sake fitarwa a Amurka a 2002 an gutsure masa bututun hayaƙin da ke kafaɗunsa, don gudun kada su tsone ido. Wanda ya san harkar daga ƙofar ɗaki zai gaya maka na wace shekara ne, daga tsawon bututun kawai.

Sai maganar ƙarfe, wadda ita ce ta fi taɓa zuciyar tsofaffin hannu. Kayan 1984 suna da nauyi. Ƙirji da ƙafafu na ƙarfen zubi ne, tayoyi na roba mai laushi irin ta tayar gaske, ga walƙiyar azurfa a bamba da gaban mota. A watan Satumba na 1985 manyan ƙasashe biyar suka ƙulla yarjejeniyar Plaza don karya darajar dala. Dalar da take kusan yen 240 ta faɗo ƙasa da 160 cikin shekara guda, duk abin da aka ƙera a Japan ya yi tsada a Amurka. A wannan tsakanin ne sunayen Taiwan da Makau suka yawaita a hatimin da ke jikin kayan, ƙarfen kuma ya fara janyewa. Ana iya ganin janyewar a cikin shekara ɗaya tak. Hot Rod na farkon 1986 yatsun ƙafarsa ƙarfe ne, na baya roba. Ultra Magnus ya fara da taya mai laushi da fentin fuska, ya ƙare da busasshiyar taya da fuska fara fat. Shekarar ce kuma aka fitar da fim ɗin da aka kashe Optimus Prime a ciki don a share wa sababbin kaya wuri a kanti, yara suka fito daga silima suna kuka. Motocin gaskiya suka ba da wuri ga motocin almara, waɗanda ba su da kamfanin da zai zo neman haƙƙinsa. Zuwa 1987, lokacin da Fortress Maximus ya fito da tsawon kusan santimita 56, girma ya ƙaru, nauyin hannu ya ragu.

A wajen Amurka da Japan abin ya ƙara yin rassa. A Italiya kamfanin GiG, a Faransa kuma Joustra, sun riga sun karɓi kayan kai tsaye daga Takara, da kwalayensu da labarinsu. Da Milton Bradley ya fara rarraba Transformers a Turai a 1985, sai ga Tracks, motar Corvette da Amurka ta sani shuɗiya, ta fito ja. Ƙasashen Latin Amurka da ke tsaurara shigo da kaya daga waje sun sa dole a ƙera a gida: Estrela a Brazil, IGA a Meziko, Antex a Ajantina. Kowanne ya yi da irin robar da ya samu da launin da ya ga dama. Estrela har sababbin kawuna ya yi wa 'yan motocin, ya raba su ƙungiya biyu da ya kira Optimus da Malignus. A lokacin, yaron da ke riƙe da irin wannan yana iya jin cewa na talaka aka ba shi. Yanzu attajiran masu tarawa a Amurka da Japan su ke bin sawun waɗannan da kuɗi mai kauri.

A 1990 jerin farko ya mutu a Amurka, bayan an kai ga fitar da wasu Transformers da ba sa rikiɗa sam. Yaran 1984 sun shiga jami'a, iyaye mata sun share ɗakuna, buhu-buhun kaya sun tafi juji ko kasuwar 'yan tsofaffin kaya. Waɗanda suka fara tarawa a lokacin cikin duhu suke lalube. Ba kundin da ya lissafa bambance-bambancen, kamfanin kansa bai ajiye lissafi ba. Ilimin a baki yake, da jita-jita a cakuɗe. Shahararriyar jita-jita ita ce ta shuɗin Bluestreak. Zanen da ke kwalinsa shuɗi ne, abin da ke ciki kuwa ruwan azurfa, amma mutane da dama sun rantse cewa suna yara sun ga shuɗin a kanti. Shuɗin na nan, sai dai na Diaclone ne. Taron BotCon na farko da aka yi a Fort Wayne ta jihar Indiyana a 1994 ya fara haɗa masu wannan sha'awa fuska da fuska. Da eBay ya zo a 1995, sai kowane ɗakin ajiya a duniya ya zama rumfa a kasuwa ɗaya. Abin da ake zaton babu irinsa sai ga shi goma-goma, abin da aka raina kuma aka gano ashe shi ne ba ya samuwa.

Intanet ta kawo haske, amma ta tafi da wani abu. A da mutum kan tsinci abin mamaki a kwandon 'yan tsofaffin kaya da kuɗin da bai kai na abincin rana ba, don mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba. Yanzu kowa na da waya, kowa ya san farashi. Harshen cinikin ma ya sauya. Tambayar farko ita ce ko cikakke ne, domin Optimus ba ya cika sai da dunƙulen hannayensa biyu da ake cirewa, da bindiga, da tiyo, da 'yar motar da ke cikin tirela, waɗanda su ne abin da yaro ke fara ɓatarwa. Sai a tambayi kwali, da farin soson da ke cikinsa, da takardar bayani, da ko an liƙa sitikun ko suna nan a takardarsu. A ƙololuwa akwai wanda ba a taɓa yanke salatif ɗinsa ba. Irin wannan akan aika shi wurin kamfanin tantancewa irin AFA, a ba shi maki 80 ko 85 ko 90, a rufe shi ruf a akwatin roba mai kama da gilashi. Abin da aka saya dala 20 da ɗoriya ya koma na dubban daloli.

A nan nake rabuwa da wasu abokan sha'awata. Duk hikimar waɗannan kaya tana cikin motsinsu ne: yadda bayan mota ke miƙewa ya zama ƙafafu, yadda ƙofofi ke buɗewa su zama fukafukai, yadda kai ke fitowa daga inda ba ka zata ba. Injiniyan da ya tsara wannan da fensir da katako, ba kwamfuta, hannu ya yi wa aiki. Wanda aka rufe a akwati ya daina rikiɗa har abada, kuma ba wanda zai san ko faifan ƙarfe ne a tirelarsa ko sitika. An sayi tsadarsa da sharaɗin kada a san shi. Ban ce masu yin haka ba su da hujja ba, domin da ba don su ba da ba mu san yadda kayan suke fitowa daga masana'anta ba. Amma wannan ajiyar dukiya ce, kuma da yawa daga masu sayen irinsa yanzu ba su taɓa kallon katun ɗin ba.

Akwatin ma ba ya hana tsufa. Farar roba tana komawa rawaya, Jetfire ya fi kowa shahara da wannan ciwo. Akan jiƙa shi a ruwan haidirojin irin na wanke rauni a shanya a rana ya yi fari, bayan 'yan shekaru rawayar ta dawo. Tayoyi suna tsagewa, azurfa tana gogewa, gaɓoɓi suna saki. Mafi muni ita ce wata roba mai ruwan zinare da aka yi amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, wadda ke bushewa ta riƙa marmashewa ko ba a taɓa ta ba. Black Zarak na Japan na 1988 da Slingshot na jeri na biyu suna cikin waɗanda suka fi kamuwa. Mutum zai biya maƙudan kuɗi ya sayi abin da ba zai kuskura ya lanƙwasa ba. Kayan nan an yi su ne su kai ƙarshen hutun makaranta, ba wanda ya yi musu tanadin shekara arba'in.

Ga kuma jabu. Daga tsakiyar shekarun 2000 wasu masana'antu a Sin suka fara kwaikwayon kayan 1984 da 1985, ba irin kwaikwayon arha na da ba. Suna kwafar kwali, da sitika, da takardar bayani, har da hatimin kamfani. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma a hoton waya sai gwani ke raba su. Abin sha'awa shi ne wannan ƙwaƙƙwafin da ake yi wa masu tarawa dariya a kai shi ya zama garkuwarsu. Wanda ya san kaurin harafin da ke kwali, da irin kan kusoshi, da inda fenti ke tsayawa a fuska, shi ne ba a cuta.

Kamfanonin ma sun gane inda kuɗin ya koma. A 2003 Takara ya buɗe jerin Masterpiece da wani Optimus mai tsawon kusan santimita 30, wanda aka yi wa babba mai albashi. A 2006 Takara ya haɗe da Tomy. Fim ɗin Michael Bay na 2007 ya tara fiye da dala miliyan 700, ya dawo da iyaye da 'ya'yansu kanti ɗaya. Unicron, duniyar nan mai cin duniyoyi da ta fito a fim ɗin 1986 amma aka fasa yin abin wasanta a lokacin, an tallata ƙatonsa a 2019 kan kusan dala 575, da sharaɗin sai mutum 8,000 sun yi alkawarin saye kafin a fara ƙerawa, kuma aka samu. A 2024 Takara Tomy ya fitar da Missing Link, Optimus mai kamannin na 1984 sak, da ƙarfensa da tayoyinsa, amma gaɓoɓinsa na motsi yadda yaro ya yi mafarki a lokacin.

Ingancin kayan yau ya fi na da, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai dubi abin da ya faru da bambancin. Jan Bumblebee kuskure ne, jan Tracks ragowar wani tsari ne, shuɗin Bluestreak gadon Diaclone ne. Yau duk ana yin su da gangan, a kira su na musamman, a sayar a kanti ɗaya ko a taro ɗaya, a ƙayyade adadi, a sanar da ranar fitowa. Mai saye ya san tun kafin ya biya cewa na ajiya ne, don haka ba ya buɗewa, dubbai irinsa ma ba sa buɗewa. Tsohon bambanci yana gaya maka abin da ya faru da yen ko da wani kamfani da ya karye. Sabon ba ya gaya maka komai sai cewa sashen talla ya san rauninka.

Mu da muka taso da motar kara da ta gwangwanin madara mun san ɗaya gefen lamarin. Kowace mota da muka ƙera ba ta da ta biyu a duniya, ta wannan unguwa daban da ta waccan, amma da wuya ka sami wanda ya ajiye ko ɗaya, saboda ba wanda ya ɗauka abin ajiya ce. Haka yaran 1984 suka ɗauki nasu kayan. Sun yi wasa da su a yashi, sun karya, sun ɓatar da hannaye, sun yaga kwali ranar da aka ba su. Wannan ɓarnar ita ce ta haifar da tsadar. Da kowa ya adana, da yau ba su fi kwandon roba daraja ba.

Saboda haka idan ana neman abin da zai yi wuyar samu nan da shekara arba'in, ina shakkar a same shi cikin na musamman ɗin da ke jere a akwatunan manya. Ya fi yiwuwa ya kasance ɗan arhan nan da ke rataye kusa da mai karɓar kuɗi a kanti, wanda ake saya wa yaro don ya yi shiru, wanda wata masana'anta a Biyetnam ta sauya wa launin taya a tsakiyar shekara ba tare da ta gaya wa kowa ba. Yara suna can suna karya shi yanzu haka, kuma aikinsu ke nan.